Ruwan da ake hangowa a kan kwalta da rana tsaka, ina yake zuwa in an iso?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kuna cikin mota da rana tsaka a hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, kuka riƙa hango ruwa kwance a kan kwalta can gaba har da inuwar motoci a cikinsa, amma duk sanda kuka iso wajen sai ku tarar a bushe ƙamas, ruwan ya ƙara gaba. Gardama ta kaure a motar, wani ya ce tururi ne ke tashi daga ƙasa, wani ya ce kwaltar ce ke narkewa tana ƙyalli, direba kuma ya ce ido ne kawai ke yaudarar mutum saboda zafi da ƙishirwa. Kana son sanin wa ke da gaskiya a cikinsu.

To gaskiya babu wanda ya dace a cikin ukun, duk da kowa ya taɓo zafi kuma zafin ne tushen abin. Bari in fara da maganar direba don ita ce mutane suka fi yarda da ita. Gwajinta mai sauƙi ne, in an sake irin wannan tafiyar ka ɗaga wayarka ka zuƙo hoton sosai ka ɗauka, za ka ga ruwan ya fito a hoton tsaf. Kyamara ba ta jin ƙishirwa kuma ba ta da tunani, abin da ya shigo ta gilashinta shi take ajiyewa. Kenan akwai haske na gaske da ke zuwa daga wannan wajen ya shiga ido, kuma duk wanda ke motar yana ganinsa, wanda ya sha ruwa ya ƙoshi da mai azumi duk ɗaya. Maganar tururi kuma, ai a watan Afrilu ƙasar Yobe da Borno ta yi watanni ba ta ga ɗigon ruwa ba, ina danshin da zai yi tururi? Sannan tururi da ya kasance da ka iso ka same shi. Narkewar kwalta ma haka, ana ganin wannan abin, wato kawalwalniya, a kan yashi da fako da filin jirgi na siminti inda babu kwalta ko kaɗan. Abin da kuke gani sama ce. Hasken sararin samaniya ne da ya gangaro zai faɗi ƙasa, ya lanƙwashe a cikin iska mai zafi da ke kwance a kan titin, ya taso ya shigo idonku ta ƙasa.

Sai mun ɗan koma baya kafin wannan ya zauna a kai. Haske a sararin da babu komai yana gudun mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan kilomita 300,000, kuma babu abin da ya fi shi. Amma da zarar ya shiga wani abu, ruwa ne ko gilashi ko ma iska, sai gudun ya ragu saboda mu'amalar da yake yi da ƙwayoyin abin. A ruwa yana yin kamar kilomita 225,000 a daƙiƙa, a gilashi kamar 200,000, a lu'ulu'u kuwa ya sauko har wajen 124,000. Masana suna da lamba da suke auna wannan jinkirin da ita, ana raba gudunsa a sarari da gudunsa a cikin abin, ni a aji lambar jinkiri nake ce mata don yara su riƙe. Ta ruwa 1.33, ta gilashi kamar 1.5, ta lu'ulu'u 2.42, ta iska kuma 1.0003 kacal. Ka riƙe wannan ta iskar don a kanta duk maganar za ta tsaya.

Me ya haɗa jinkiri da lanƙwasa? Ka duba mai ga-ruwa yana tura kurarsa a kan kwalta, ya zo sauka kan yashi a karkace, tayar dama ta fara shiga yashin ta rage gudu ta hagu kuma tana kan kwalta tana gudunta, ai ko bai so ba kurar za ta juya wajen dama, wajen tayar da ta yi jinkiri. Haske ma yana da faɗi a tafiyarsa, in gefe ɗaya ya riga ɗayan shiga inda ake jinkiri to gaba ɗayansa sai ya karkata zuwa can. Shi ya sa cokali a kofin gilashi mai ruwa yake zama kamar ya karye. Akwai ma gwajin da ake yi tun zamanin Girkawa, ka sa kwandala ko zobe a gindin kwano, ka ja da baya har bakin kwanon ya ɓoye maka shi, ka tsaya nan kar ka motsa kai, wani ya riƙa zuba ruwa a hankali, sai ka ga zoben ya bayyana alhali ba a taɓa shi ba. Hasken da ke fitowa daga zoben ne ya karya kwana a saman ruwan ya tsallake bakin kwanon ya same ka. A nan ne ƙwaƙwalwa ke shigowa, ita ta ɗauka kowane haske a miƙe ya zo, don haka inda ya shigo ido ta nan take bi da baya a miƙe ta ajiye abin a can. Ido bai yi ƙarya ba, ya kawo abin da ya samu. Fassarar ce take kuskurewa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ibn Sahl a Bagadaza ya rubuta ƙa'idar lanƙwasar haske wajen shekarar 984 yana nazari a kan gilasai da madubai masu tara hasken rana su ƙona abu, kusan shekara ɗari shida da arba'in kafin Snell ɗan ƙasar Holan ya sake gano ta a 1621, kuma sunan Snell ɗin ne ya bi ta har cikin littattafan sakandare. Ibn al-Haisam wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040 shi ne ya kafa hujja da gwaji cewa gani yana faruwa ne ta hanyar haske ya shigo ido, ba wani abu ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin ba kamar yadda da yawa suka ɗauka kafinsa, kuma kashi na bakwai na littafinsa Kitabul Manazir a kan lanƙwasar haske yake. Abin yana min ciwo yaranmu su gama sakandare su haddace ƙa'idar ba su taɓa jin waɗannan sunayen ba.

Yanzu mu dawo kan titi. Rana ba ta dumama iska kai tsaye sosai, haskenta wucewa yake ta cikin iskar ya sauka ƙasa, ƙasar ce ke shanye shi ta yi zafi sannan ta dumama iskar da ke manne da ita. Kwalta baƙa ce, tana shanye kusan duk abin da ya sauko mata, a bazara zafinta yana iya haura digiri 60, duk wanda ya taɓa taka ta ba takalmi ya sani. To iskar da ke 'yan santimitoci a kanta sai ta yi zafi sosai, ta sama kaɗan ba ta kai ta ba, ta daidai fuskarka kuma ta fi su sanyi duka. Iska in ta yi zafi buɗewa take, ƙwayoyinta su yi nesa da juna, sai haske ya ɗan fi samun gudu a cikinta. Kenan a ƙasa dab da kwalta haske ya fi sauri, a sama ya fi jinkiri.

Ka ɗauki haske da ya taso daga sama can nesa wajen da sama ta haɗu da ƙasa, yana gangarowa a kwance a kwance kamar zai goge titin. Da ya shigo wannan iska mai zafi, gefensa na ƙasa yana cikin wadda ta fi zafi don haka ya fi gudu, gefensa na sama yana baya, sai ya fara karkata zuwa sama a hankali, yana ƙara sauka yana ƙara lanƙwasa har ya kwanta daidai da titin bai taɓa shi ba, daga nan ya ci gaba da lanƙwasar ya fara hawa, ya zo ya shiga idonka daga ƙasa. Kai kuma kana kallon titi amma abin da ke shigo maka launin sama ne, fari-fari ko shuɗi-shuɗi mai ƙyalli. Ƙwaƙwalwa ta bi shi da baya a miƙe ta ajiye shi a kan kwalta. To a duk rayuwar mutum mene ne yake kwanciya a ƙasa ya nuna sama a cikinsa? Ruwa ne kawai. Sai ta yanke hukunci ruwa ne, kuma hukuncin mai hankali ne bisa abin da ta saba.

Inuwar motocin da ka ambata ita ce ma ta fi ƙarfafa mata gwiwa. Motar da ke gabanku, haske yana barinta ta hanya biyu ya iso gare ku. Wani ya zo kusan a miƙe, shi ne kuke ganin motar a tsaye yadda take. Wani kuma ya gangara wajen titi ya lanƙwaso ya taso, shi ne yake ba da mota ta biyu a ƙarƙashin ta farko kuma a kife, don hasken rufin motar ya fi zurfafa gangara kafin ya juyo saboda haka shi yake fitowa a can ƙasa. In ka lura da kyau wani lokacin tayoyin ma ba a ganinsu sam, motar kamar tana iyo, saboda hasken da ke fitowa daga tayoyin yana lanƙwashewa ya bi ta saman kanku bai sami idonku ba. Rawar da ruwan ke yi kuma, iskar ce ba ta zaune wuri ɗaya, mai zafi tana ɓallewa tana tashi mai sanyi tana maye gurbinta, hanyar hasken tana ta sauyawa a kowane lokaci. Irin rawar da kake gani in ka hangi mutum ta saman wutar mai tsire ko maƙera.

A nan zan ɗan yi gyara ga yadda ake yawan koyar da abin. Da yawa cikin littattafan makaranta suna cewa haske ne ya bugi shimfiɗar iska mai zafi ya dawo kamar a madubi. Wannan bayanin yana da tarihi, a 1798 sojojin Napoleon da suka shiga Masar suna tafiya daga Iskandariyya zuwa kogin Nilu cikin zafin Yuli sun sha wahalar kawalwalniya, suna hango ƙauyuka kamar tsibirai a tsakiyar tafki har da inuwarsu a kife, sai masanin lissafi Gaspard Monge da ke cikin tawagar ya yi bayaninta a wannan shekarar a Alƙahira, kuma da irin wannan dawowar daga iyakar iska biyu ya fassara ta. Ya yi ƙoƙari ƙwarai kuma lissafin yana fitowa kusan daidai. Amma a zahiri babu wata iyaka guda da hasken ke buga, zafin raguwa yake sannu sannu daga ƙasa zuwa sama, hasken kuma baka yake yi mai laushi ba kwana mai kaifi ba. Ni dai na fi so ɗalibi ya riƙe hoton bakan, don shi ne zai taimake shi ya fahimci sauran abubuwan da ke tafe.

Sai babbar tambayar, me ya sa yake gudu in an matso? Nan lissafi ne zai amsa kuma ba mai wuya ba ne. Mu ɗauka iskar daidai idonka digiri 40 ce, ta dab da kwalta kuma 60. Lambar jinkirin ta farko kamar 1.000256, ta biyu kamar 1.000240. Bambancin 16 ne cikin miliyan. Ka ga ƙanƙantarsa. Bambanci irin wannan ba zai iya juyo da hasken da ya sauko a tsaye ko a rabin tsaye ba, wannan wucewa zai yi ya bugi kwalta, sai wanda ya zo a kwance ƙwarai, wanda karkatarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na digiri ɗaya ba. Don ka gane ƙanƙantar wannan kusurwar, faɗin wata daren sha huɗu a sama rabin digiri ne, kenan ba ta kai faɗin wata ba. In ka mayar da ita tafiya, gangarar mita ɗaya ce a cikin mita kamar 180. To mutumin da ke zaune a ƙaramar mota idonsa kamar mita 1.2 yake daga ƙasa, ka ninka da 180 ka sami mita ɗari biyu da 'yan kai. Duk titin da ke tsakaninsa da wannan nisan yana kallonsa ne da kusurwar da ta fi ƙarfin iskar, don haka kwalta yake gani. Daga nan zuwa gaba ne kusurwar ta yi ƙanƙanta har sama ta fara bayyana. In ya matsa mita hamsin, iyakar ma ta matsa mita hamsin, don ba a jikin titin take ba, tsakanin tsayin idonsa da zafin iskar take. Shi ya sa ko za ku kai Maiduguri ba za ku cim masa ba, kuma mutumin da ke tsaye a wajen da kuke ganin ruwan shi a busasshiyar kwalta yake tsaye, ƙila ma yana hango ku ne a cikin nasa ruwan.

Waɗannan lambobin misali ne, ranar da bambancin zafin bai kai haka ba nisan zai ƙaru, amma tsarin ba ya canzawa. Kuma daga cikinsa za ka fitar da abin da za ka iya gwadawa. Direban tirela da idonsa ke wajen mita biyu da rabi daga ƙasa zai ga bakin ruwan a mita ɗari huɗu da wani abu, ya fi na ƙaramar mota nisa, alhali titi ɗaya lokaci ɗaya. In kuka tsaya a gefen hanya inda babu haɗari, ka tsaya a miƙe ka lura da inda ruwan ya fara, ka sa masa alama da wata bishiya ko turken wuta, sannan ka tsuguna har idonka ya dawo rabin mita daga ƙasa, za ka ga ruwan ya rugo wajenka ya dawo ƙasa da mita ɗari, ka miƙe ya koma. Ruwan gaske ba ya haka, bakinsa yana inda yake ko ka hau bishiya ko ka kwanta. Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi na rarrabe su. Haka kuma shi ya sa abin ya fi fitowa in kuna haurowa 'yar tudu, daidai lokacin da idonku ya zo dab da shimfiɗar titin da ke gaba.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, ba zafin gari ne sharaɗi ba, bambancin zafi tsakanin ƙasa da iskar sama da ita shi ne sharaɗi. A ƙasashen sanyi ma ana ganinta a kan titi ranar da rana ta fito sosai ko da mutane na sanye da rigunan sanyi. A wajenmu ta fi yawa a bazara, Maris zuwa Mayu, don rana na dukan ƙasa kai tsaye ga sama a washe. Ranar da hadari ya rufe ko ƙurar hunturu ta yi kauri sai ta ragu, hasken da ke isa kwalta ya ragu, ga shi ƙurar ma ba ta barin ka hangi nesa. A sahara kuwa, hanyar Agadas da Bilma, fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka ba abin da ke tare ido, sai ta zama tafki guda mai faɗi ba ɗan tsiri irin na titi ba. Larabawan hamada sun san ta sarai, ita ce aka buga misali da ita a Suratun Nur aya ta 39, mai ƙishirwa yana zaton ruwa ne har ya iso bai sami komai ba.

In aka juya tsarin kuma, wato ƙasa ta fi iskar sama sanyi kamar a kan teku mai sanyi ko ƙanƙara, to hasken ƙasa zai lanƙwasa maimakon sama, tunda kullum wajen iska mai nauyi yake karkata. Sai abu ya bayyana sama da inda yake. Nan ne ake ɗaukar hotunan jiragen ruwa kamar suna shawagi a iska, ko a hango gaɓar da a ƙa'ida ta ɓuya a bayan lanƙwasar duniya. A mashigin Messina tsakanin Italiya da tsibirin Sisili abin ya shahara har ana ganin kamar gine-gine a kan ruwa. A watan Janairun 1597 ma mutanen Willem Barents, matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan, da ƙanƙara ta tsare a tsibirin Novaya Zemlya can arewacin Rasha sun ga rana ta leƙo kusan mako biyu kafin lokacin da lissafi ya ce za ta dawo bayan dogon daren hunturun can, aka daɗe ana ƙaryata su, daga baya aka gane iska ce ta ɗauko hasken ta biyo da shi lanƙwasar duniya.

Ba sai ka je can ba ma, kullum da magariba muna ganin ɗan'uwan wannan. Iskar da ta lulluɓe duniya ta fi nauyi a ƙasa tana sauƙi in ana hawa, don haka hasken rana in ya shigo a kwance da yamma lanƙwasowa yake ƙasa, sai rana ta bayyana sama da inda take. A daidai inda sama ta haɗu da ƙasa ɗagawar tana kai kamar minti 34 na kusurwa, wato rabin digiri da ɗan ɗori, faɗin ranar kanta kuma kamar minti 32. Ka ga kenan lokacin da kake ganin gindin rana ya taɓa ƙasa, da babu iska da tuni ta ɓace gaba ɗayanta. A yankinmu wannan yana ƙara wa yini minti biyu da 'yan daƙiƙai da yamma, da safe ma haka. Masu lissafin jadawalin lokutan salla sun san da shi, shi ya sa suke ɗaukar faɗuwar rana a lokacin da tsakiyarta ta sauka digiri 0.833 ƙasa, sun haɗa wannan ɗagawar da rabin faɗin ranar, don lissafin ya dace da abin da ido ke gani. Kuma in ka lura ranar da sama ta washe, rana tana ɗan baje kamar an danne ta in ta zo faɗuwa, gindinta ne iskar ta fi ɗagawa fiye da samanta. Ƙyaftawar taurari da dare ma daga nan take, iska mai rawa ce tsakaninmu da su, shi ya sa na kusa da ƙasa suka fi ƙyaftawa don haskensu ya fi ratsa iska mai yawa, Zahra kuwa da sauran duniyoyi ba su cika yi ba saboda suna kusa, ba ɗigo ɗaya ba ne a ido.

Abin da ke burge ni a wannan fannin, wannan lanƙwasar da ke sa direba ya ga ruwan da babu, da ita ake aiki a intanet ɗin da muke magana ta cikinsa yanzu. Wayoyin da ke ɗauke da saƙonni a ƙarƙashin teku zuwa Legas zaren gilashi ne a cikinsu mai kaurin gashin kai, tsakiyar zaren lambar jinkirinta ta ɗan fi ta gefen, sai hasken leza da aka harba ciki duk sanda ya nufi fita ya juyo ya dawo tsakiya, haka zai yi ta tafiya kilomitoci bai zube ba. Akwai ma nau'in zaren da aka ƙera lambar tana raguwa a hankali daga tsakiya zuwa gefe, hasken yana tafiya yana baka a ciki daidai yadda yake yi a kan kwalta. Charles Kao ne a 1966 ya nuna cewa in aka tace gilashi sosai zai iya kai haske nesa, aka ba shi kyautar Nobel a 2009 a kan haka.

In kana son ka gani da idonka ba tare da ka jira tafiya ba, ka nemi doguwar katanga mai santsi wadda rana ta daka tun safe, irin ta makaranta ko masana'anta, mita ashirin ko fiye. Ka kawo kuncinka dab da ita kana kallon tsawonta, ka sa yaro ya tsaya a ɗaya ƙarshen ya riƙe makulli ko cokali yana matso da shi jikin katangar a hankali. In zafin ya isa, yana kawo shi 'yan santimitoci daga bangon za ka ga na biyu ya fito daga cikin bangon yana tahowa ya tare shi. Kawalwalniya ce a tsaye, iska mai zafin tana jikin bango maimakon ƙasa. Malaman makaranta kuma ga wanda nake ba da shawara a yi wa ɗalibai, a sami doguwar roba mai haske ko akwatin gilashi a cika da ruwa, a zuba sukari mai yawa a gindin kar a motsa, a bar shi ya kwana. Sukarin zai narke ya yi kauri a ƙasa yana raguwa zuwa sama. A ɗiga madara ɗigo biyu tun farko don hanyar hasken ta fito, a rufe tagogi, a haska 'yar leza irin ta kasuwa ta gefe a kwance, za a ga jan layin ya lanƙwasa ƙasa a fili kowa na kallo, irin kawalwalniyar teku kenan tunda nauyin yana ƙasa. A dai kula sosai kar a haska lezar a idon kowa ko a bar ta a hannun yara, tana iya lahanta ido cikin ƙanƙanin lokaci.